Ina Manhaja Za Ta Zauna? Sharhi Kan Zaɓen Foldar Girkawa

Manhajar da mutum ke gani a fuskar kwamfutarsa kamar abu ɗaya, alama guda da yake dannawa ta buɗe, a zahiri tarin fayiloli ce, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. Akwai fayil ɗin da ke tashi idan an danna, akwai laburaren da yake jingina da su, wato gutsattsarin shiri da yake kira yana cikin aiki, akwai hotuna da fassarori da rubutun taimako waɗanda ba sa canzawa sai an sabunta manhajar. Akwai saitunan da mai kula da kwamfutar ke gyarawa, sannan akwai abin da manhajar ke rubutawa da kanta tana cikin aiki. Wanda ya haɗa ƙunshin manhajar, wato fayil ɗin da ake naɗe ta a ciki don girkawa, shi ke yanke inda kowanne zai sauka. Masu haɗa ƙunshi da yawa suna barin wannan shawara sai ƙarshe, su yanke ta a gurguje, kamar dai duk inda aka ajiye fayil ya ajiyu. A ganina nan ne ake shuka yawancin matsalolin da ke tsirowa bayan wata shida, ranar da aka zo sabuntawa ko cirewa.

Dalili kuwa shi ne kowace folda a cikin kwamfuta tana da mai ita. Wata ta masu tsarin aikin ce, wata ta mai kula da na'urar, wata ta kamfanin da ya kawo manhaja daga waje, wata kuma ta mutumin da ke zaune a gaban allo. Idan ka zaɓi folda, ka zaɓi wanda ke da ikon rubutu a cikinta, da wanda zai ɗauki nauyin sabunta abin da ke ciki, da wanda zai share idan an gama. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa: ba don ɗaki yana da fili ne zai sa ka jibge kayanka a ciki ba, sai ka tambaya mabuɗinsa na hannun wa.

A Linux wannan rabo yana rubuce. An fara tsara ƙa'idar a 1994 da sunan FSSTND, daga baya aka faɗaɗa ta ta koma FHS a 1997, sigarta ta 3.0 kuma ta fito a 2015. Amma asalin foldodin ya girmi ƙa'idar nesa ba kusa ba. A farkon shekarun 1970, lokacin da Ken Thompson da Dennis Ritchie ke gina Unix, tsarin aikin da Linux ya kwaikwaya, a kan na'urar PDP-11, faifan farko ya cika, sai suka bari shirye-shirye suka malala zuwa faifai na biyu, inda foldodin masu amfani suke, wato /usr. Daga nan aka samu /bin da /usr/bin, da /lib da /usr/lib. Ƙarancin wuri ne ya haifi rabon, daga baya aka yi ta nema masa hujja. Sai a 2012 Fedora 17, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, ta haɗe su, /bin ya zama mahaɗi kawai mai nuni zuwa /usr/bin, Debian kuma ta wajabta hakan a sigarta ta 12 a 2023. Na kawo wannan tarihi ne don kada a ɗauki kowane layi na ƙa'idar kamar hikima ce aka zauna aka tsara. Wani ɓangaren gado ne kawai. Amma rabon da ke tsakanin /usr da /usr/local da /opt ba ya cikin wannan gadon. Shi yana da ma'ana har gobe.

Foldar /usr ta manajan ƙunshi ce, wato dpkg a Debian da Ubuntu, rpm a Fedora da openSUSE, pacman a Arch. Manajan yana riƙe da rajistar kowane fayil da ƙunshin da ya kawo shi. Idan ƙunshi biyu suka yi iƙirarin fayil ɗaya, dpkg zai tsaya ya ƙi ci gaba, ya faɗi sunan wanda ya riga. Wannan kariya kuwa tana aiki ne ga fayilolin da ke cikin rajista kaɗai. Fayil ɗin da wani ya kwafa da hannu zuwa /usr/bin, dpkg bai san da shi ba, kuma ranar da wani ƙunshi ya zo da mai irin sunansa zai take shi ba tare da ko sallama ba.

Saboda haka ne aka ware /usr/local, domin mai kula da na'urar ya sami inda zai sa abin da ya harhaɗa da hannunsa, tare da tabbacin cewa sabunta tsarin aiki ba zai taɓa shi ba. Shi ya sa kayan gini irin su Autotools da CMake suke nufar /usr/local idan ba a ce musu komai ba: sun ɗauka wanda ke ginin shi ne mai na'urar. Ga tarkon nan. Mai haɗa ƙunshi ya gina manhajarsa bai sauya wannan saiti ba, ya naɗe sakamakon a cikin ƙunshin .deb ko .rpm, ya raba wa duniya. Manhajar za ta yi aiki, babu wanda zai yi ƙorafi a makon farko. Amma ya shiga gonar da ba tasa ba. Dokokin Debian sun hana ƙunshi zuba fayiloli a /usr/local ƙarara, ƙa'idojin Arch ma haka.

Mu dubi yadda ɓarnar ke faruwa a kusa. A yawancin tsare-tsare, idan mutum ya rubuta sunan wani shiri, kwamfuta tana duba /usr/local/bin kafin /usr/bin. A ce wani ƙunshi na waje ya zo da nasa kwafin wani sanannen shiri, ko wani laburare na ɓoye bayanai, ya ajiye a /usr/local. Bayan wata uku aka gano ramin tsaro a wannan shirin, masu tsarin aiki suka toshe, sabuntawa ta sauka a /usr. Mai kwamfuta ya duba, manajan ƙunshi ya ce masa komai sabo ne, hankalinsa ya kwanta. Alhali duk lokacin da ya kira shirin, tsohon kwafin da ke /usr/local ne ke amsawa, da raminsa a buɗe. Babu saƙon kuskure, babu alamar komai. Irin wannan matsala ce ke cinye wa mai gyara yini guda, domin duk inda ya kamata ya duba lafiya lau yake.

To ina manhajar waje za ta je? Idan ƙarama ce, kuma an gina ta a kan laburaren da tsarin aikin ke da su, babu laifi ta bi sahun sauran: shirin a /usr/bin, laburarenta na kanta a ƙarƙashin /usr/lib cikin folda mai sunanta, hotuna da fassarori a /usr/share. Sai dai a kula, /usr/share na abin da bai damu da irin injin kwamfuta ba ne, don haka zuba shirye-shiryen da aka harhaɗa a cikinsa, kamar yadda wasu manyan manhajoji ke yi, saɓa ƙa'ida ne ko da yana aiki. Idan kuwa manhajar babba ce, mai tafe da laburarenta da injin burauzarta da komai nata a dunƙule, /opt aka yi dominta. Ƙa'idar ta ce a yi folda da sunan manhajar ko da sunan kamfanin, saitunan na'ura su tafi /etc/opt, bayanan da ke canzawa su tafi /var/opt. Google Chrome misali ne da kowa zai iya dubawa: jikinsa yana /opt/google/chrome.

Amma zama a /opt ba ya nufin manhaja ta yanke hulɗa da sauran tsarin, kuma nan ne masu farawa kan yi tuntuɓe. Teburin aiki, GNOME ne ko KDE, ba ya leƙa /opt don neman manhajoji. Yana duba ƙananan fayilolin .desktop a /usr/share/applications, yana neman alamomi a /usr/share/icons/hicolor, kuma layin umarni bai san da shirin da ba ya kan hanyar bincikensa ba. Don haka ƙunshi mai kyau yana ajiye gangar jikin a /opt, ya miƙo 'yan hannaye zuwa /usr: mahaɗi ɗaya a /usr/bin, fayil ɗin .desktop, alama. Haka Chrome ke yi. Sharaɗin shi ne waɗannan hannayen su kasance cikin jerin fayilolin ƙunshin, ba wani rubutun bayan-girkawa ne zai ƙirƙire su a ɓoye ba. Abin da manaja bai rubuta ba, ba zai share ba, sai a cire manhaja a bar alamarta a jeri, ana dannawa ba ta buɗe komai.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ta ratsa duk tsare-tsaren aiki, kuma ita ce aka fi takewa: manhaja ba ta rubutu a inda aka girka ta. Tarihin Windows ya nuna tsadar karya ta. Tun Windows 95 ake da foldar Program Files, kuma shekara da shekaru kusan kowa yana shiga kwamfutarsa ne a matsayin mai cikakken iko, don haka manhajoji suka saba ajiye saitunansu da wasannin da aka adana a gefen shirin. Da Windows Vista ta iso hannun jama'a a 2007 da tsarin tambayar izini, sai rubutu a Program Files ya koma buƙatar izini, ko ga wanda ya shiga a matsayin mai cikakken iko. Don kada tsofaffin manhajoji su mutu gaba ɗaya, Microsoft ta yi dabara: idan tsohuwar manhaja mai 32-bit ta yi ƙoƙarin rubutu a can, sai a karkatar da rubutun a asirce zuwa wata folda mai suna VirtualStore a cikin AppData na mutumin. Manhajar tana ganin ta rubuta a Program Files, alhali ba haka ba ne. Sakamakon ya rikita mutane da yawa: ka buɗe fayil ɗin saiti a Program Files ka gyara, manhajar ta yi kamar ba ta gani ba, domin kwafin VirtualStore take karantawa. Ka buɗe ta da ikon mai gudanarwa, sai ta koma ainihin fayil ɗin, saitunanka su ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Wurin da ya dace a bayyane yake: abin da ya shafi duk masu amfani da na'urar ya tafi ProgramData, saitunan mutum su tafi AppData\Roaming, manyan fayilolin wucin gadi su tafi AppData\Local. Bambancin biyun nan na ƙarshe ba ado ba ne. A ofisoshin da bayanan ma'aikaci ke bin sa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, duk abin da ke Roaming ana kwafe shi ta hanyar sadarwa, don haka manhajar da ta tara tarkace a can tana jinkirta wa mutum shiga aikinsa kullum.

Sai kuma salon da ya yaɗu a 'yan shekarun nan, na girka manhaja gaba ɗayanta a cikin foldar mutum. Chrome ya fara da haka a 2008, Visual Studio Code na da nau'in da ke sauka a AppData\Local\Programs, manhajojin hira da yawa ma haka suke yi. Hujjar tana da ƙarfi, ba zan raina ta ba. Ba a buƙatar kalmar sirrin mai gudanarwa, kuma manhajar na iya sabunta kanta shiru, wanda ga burauza abu ne mai muhimmanci ƙwarai, tunda gyaran tsaro da ya jira sai an danna "na yarda" gyara ne da sau da yawa ba ya zuwa. Amma abin da ya ba manhajar damar canza kanta shi ne ya ba kowane shirin da ke gudana da sunan mutumin damar canza ta. Muguwar manhaja ba ta buƙatar wani izini kafin ta musanya fayil ɗin ko ta ajiye gurɓataccen laburare a gefensa. Haka kuma idan mutum biyar ke amfani da na'ura ɗaya, kwafi biyar za a samu, kowanne da sigarsa. A ma'aikatu ma, ƙa'idojin farko na AppLocker, tsarin Windows da ke iyakance shirye-shiryen da za su iya tashi, suna barin shirye-shirye su tashi ne daga Program Files da foldar Windows, don haka manhajar da ta san AppData kaɗai ba za ta ma buɗe ba. Ra'ayina shi ne mai haɗa ƙunshi ya ba da duka biyun, kuma ya faɗa a fili wanne ne wanne. Wanda ya ba da na mutum ɗaya kaɗai ya sauƙaƙa wa kansa ne, ya bar masu kula da na'urori da jan aiki.

Mafi muni shi ne tsaka-tsakin da wasu ke ɗauka dabara ce: su ƙirƙiri folda kai tsaye a tushen faifai, kamar C:\Manhajata, don gudun matsalar izini. Foldar da aka yi a can tana gadar izinin da ke barin duk wanda ya shiga na'urar ya gyara abin da ke ciki. Idan manhajar tana da wani sashe da ke gudana da ikon tsarin aiki, to an miƙa wa kowane mai amfani tsanin hawa zuwa cikakken iko.

A macOS an rage wannan ciwon kai da tsarin da aka gada daga NeXTSTEP: manhaja folda ce guda mai ƙarewa da .app, ana jan ta zuwa /Applications, shi ke nan. Saituna da bayanai suna tafiya Library na mutum. Tun El Capitan a 2015 Apple ta kulle /System da /usr, ta bar /usr/local kaɗai, a Catalina kuma a 2019 ta mayar da sashen tsarin aiki na karatu kawai. Homebrew, manajan ƙunshi na waje da ake amfani da shi a macOS, ya daɗe a /usr/local, amma a kwamfutocin da ke da injin Apple ya koma /opt/homebrew, kuma duk rubutun da ya kafe tsohon adireshin a cikinsa ya karye.

Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin ya fi zaɓen foldar kansa muhimmanci, wato kada manhaja ta haddace adireshinta. A Windows XP na Jamusanci sunan foldar C:\Programme ne, a na Sifaniyanci Archivos de programa, kuma a tsarin 64-bit akwai Program Files (x86) ta daban domin manhajoji masu 32-bit. Wanda ya rubuta adireshin da hannu a cikin shirinsa ya yi caca. Tsarin aiki yana da hanyar da ake tambayarsa inda foldar take, a tambaye shi. A Linux ma laburare suna /usr/lib64 a Fedora, a Debian kuma suna /usr/lib/x86_64-linux-gnu. Manhajar da aka gina da hankali tana karɓar adireshin girkawa a lokacin gini, tana mutunta DESTDIR domin mai haɗa ƙunshi ya tara fayiloli a foldar wucin gadi ba tare da ya taɓa na'urarsa ba, kuma idan tana ɗauke da laburarenta tana neman su ne daga inda ita kanta take, ta hanyar $ORIGIN, maimakon ta cusa foldarta cikin jerin da duk tsarin ke dubawa. Idan an yi haka, ƙunshi ɗaya na iya sauka a /usr yau, a /opt gobe, ba tare da an taɓa layi ɗaya ba. Masu rubuta manhaja su ne ke da wannan alhaki, ba masu haɗa ƙunshi ba, kuma sau da yawa su ne ba su damu ba, tunda a kwamfutarsu komai na tafiya.

Shin ya kamata a bar mai amfani ya zaɓi folda da kansa? A Windows al'ada ce, kuma tana da amfani ga wanda faifansa na farko ƙarami ne, manhajar kuma babba. Amma duk wanda ya ba da wannan zaɓi ya ɗauki nauyin abin da zai biyo baya. Mutum na iya nuna foldar takardunsa kai tsaye. Idan shirin cirewa an rubuta shi ne da "share duk abin da ke foldar girkawa", to takardun sun tafi. Wannan ba tsoro ne na banza ba. A farkon 2015 an gano cewa wani rubutu a manhajar wasanni ta Steam na Linux yana share duk abin da ke ƙarƙashin adireshin da ya ɗauka nasa ne. Da wani ya matsar da foldar, adireshin ya fito fanko, umarnin ya koma kan tushen faifai, ya share duk fayilolin da mutumin ke da iko a kansu, har da na faifan ajiyar da ke jone. Abin da ya kamata shi ne shirin cirewa ya share abin da ya san shi ya kawo, fayil bayan fayil, ya bar saura.

Foldar gida ta mutum ma tana da nata tsarin, ko da yake an daɗe ana yi mata riƙon sakainar kashi. Kowace manhaja ta kan buɗe ɓoyayyiyar folda a can ta zuba komai a ciki. Ƙa'idar XDG ta freedesktop.org ta raba su: saituna a ~/.config (alamar ~ na nufin foldar gida), bayanai a ~/.local/share, tarkacen da za a iya sake samarwa a ~/.cache. Amfanin ya fito ne ranar ajiyar kwafi: mutum zai kwashe saitunansa ya bar tarkace, ko ya share ~/.cache gaba ɗaya ba tare da fargaba ba. Ƙunshi kuwa ba shi da hurumin ajiye komai a can lokacin girkawa, domin bai san mutum nawa ke kan na'urar ba, bai kuma san wanda za a ƙara gobe ba. Manhajar ce za ta ƙirƙiri abin da take buƙata ranar da mutumin ya fara buɗe ta.

Sababbin tsare-tsaren rarraba manhaja sun ɗauke tambayar daga hannun mai haɗa ƙunshi kusan gaba ɗaya. A Flatpak manhaja tana ganin kanta a /app, ko da ainihin fayilolin suna /var/lib/flatpak ko cikin foldar mutum, bayananta kuma suna ~/.var/app. Snap yana ɗora kowace siga a ƙarƙashin /snap a matsayin faifan karatu kawai. MSIX a Windows yana sauka a WindowsApps inda manhaja ba ta da ikon rubutu. Nix ya fi kowa nisa, kowane ƙunshi da foldarsa a /nix/store mai ɗauke da lambar da aka lissafo daga abubuwan da aka gina shi da su, har siga biyu na laburare ɗaya su zauna tare ba faɗa. Duk da bambancinsu, abu ɗaya suka tilasta: jikin manhaja ba ya taɓuwa, bayanai suna waje. Manhajar da ta riga ta bi tsohuwar ƙa'ida tana shiga cikinsu ba wahala, wadda ta saba rubutu a gefen kanta kuwa sai an yi mata tiyata.

Ko /opt ɗin ma ba a bar shi yadda yake ba. A tsare-tsare irin Fedora Silverblue, inda /usr na karatu ne kawai kuma ana sauya shi gaba ɗaya a kowace sabuntawa, /opt mahaɗi ne zuwa /var/opt, /usr/local kuma zuwa /var/usrlocal, domin an ɗauke su a matsayin kayan na'urar, ba na tsarin aikin kansa ba. Ƙunshin da ke zuba kaya a /opt yana buƙatar dabara ta musamman kafin ya zauna a can. Wanda ke shirya .rpm a yau, kuma yana son ta yi aiki a irin waɗannan na'urori, ya kamata ya gwada a kansu tun kafin ya saki, ya kuma yi tunanin ko folda mai sunan manhajarsa a ƙarƙashin /usr/lib ba ta fi masa sauƙi ba.

Cirewa ita ce gwajin da ke tona asirin duk zaɓin da aka yi. A Debian, apt remove yana kwashe jikin manhaja ya bar saitunan /etc, saboda aikin hannun mai kula da na'ura ne. Apt purge ne ke share su. A rpm, saitin da aka gyara akan ajiye shi da ƙarin .rpmsave. Babu ɗaya daga cikinsu da ke taɓa foldar gida. Kafin a saki ƙunshi, a girka shi a na'ura mai tsabta, a buɗe manhajar da asusun da ba shi da ikon gudanarwa, a sabunta ta zuwa siga ta gaba, a cire, sannan a kwatanta jerin fayilolin faifan da na kafin girkawa. Duk abin da ya rage a wajen /etc da /var da foldar mutum, wani rubutu ne ya ajiye shi ba da sanin manaja ba, kuma can ya kamata gyara ya fara.